Unguwar Afirka a Berlin: Yadda Zagayen Ƙafa Ya Kai Ga Sauya Sunayen Tituna

Wanda ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin U6 daga tsakiyar Berlin ya nufi arewa, in ya wuce tashar Seestraße zai iso Rehberge. Nan ya kamata ya sauka. Da ya hau matakala ya fito sarari, abin da zai tarar unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi, irin wadda baƙo ba ya ɗaukar hotonta: dogayen gidajen haya, shagunan Turkawa da na Larabawa a bakin titin Müller, tsofaffi na jan kekunan cefane. Ba fada, ba tsohuwar majami'a, ba ganuwa. Sai ya ɗaga kai ya karanta allunan tituna tukuna zai gane abin da ya kawo mutane. Titin Togo. Titin Kamaru. Titin Kwango, titin Zanzibar, titin Gini, titin Senegal, titin Uganda, titin Windhuk. Wannan ɓangare na yankin Wedding shi Jamusawa ke kira Unguwar Afirka, kuma ba don 'yan Afirka sun zauna a cikinta aka raɗa mata sunan ba. An fara sa sunayen ne a 1899, da titin Togo da na Kamaru, lokacin da Jamus ke taƙama da ƙasashen da ta mallaka.

Abin da za a duba a nan shi ne yadda wani ɗan zagaye na ƙafa, wanda awa biyu ta ishe shi, ya shiga cikin rigimar da ta ɗauki shekaru, har ta kai ga cire sunayen mutum uku daga allunan unguwar. Kafin nan sai an ɗan faɗi yadda Berlin ke nuna wa baƙi kanta, don a nan ne bambancin yake fitowa.

Birnin da ke rubuta tarihinsa a ƙasa

Yaƙin duniya na biyu ya rushe Berlin, rabuwar gabas da yamma ta ƙara yanka ta, saboda haka yawancin abin da baƙo ya zo gani ba ya nan a tsaye. Dabarar da birnin ya samo ita ce a ɗauki jigo guda, a ja masa hanya, a bar mutum ya bi da ƙafarsa. Mafi shahara ita ce hanyar katanga. An fara gina katangar Berlin ranar 13 ga Agusta 1961, aka buɗe ta ranar 9 ga Nuwamba 1989, kuma cikin ɗan lokaci aka kwashe kusan dukkanta. Yau a tsakiyar birni layi biyu na duwatsu ne aka shimfiɗa a cikin kwalta suna bin sawunta, suna ratsa titi, suna shigewa ƙarƙashin sababbin gine-gine, jefi-jefi da ɗan farantin ƙarfe mai ɗauke da shekarun 1961 da 1989. Cikakkiyar hanyar, wadda ta kewaye tsohuwar Berlin ta Yamma, ta kai kimanin kilomita 160, an kasa ta kashi 14, kuma tsakanin 2002 da 2006 aka yi aikinta da kuɗin hukuma. A titin Bernauer akwai wurin tunawa mai tsawon kilomita 1.4, inda aka jera hotunan waɗanda suka mutu a katangar, mutum 140 a ƙalla. Baƙo ba ya buƙatar ɗan jagora, ƙasa ce ke yi masa jagora.

Haka kuma akwai abin da suke kira duwatsun tuntuɓe, aikin wani mai zane Gunter Demnig: ɗan dutse mai fuskar tagulla, santimita goma faɗi goma tsawo, da ake dasawa a ƙofar gidan da wanda 'yan Nazi suka kama ya zauna na ƙarshe, da sunansa da shekarar haihuwarsa da inda aka kashe shi. A 2023 adadinsu ya kai 100,000 a faɗin Turai. Ɗaya daga ciki, a gida mai lamba 193 a titin Brunnen, na wani ɗan Afirka ne, Mahjub bin Adam Mohamed, haifaffen Darussalam, wanda ya yi wa Jamus soja yana yaro, ya zo Berlin ya koyar da Swahili, ya mutu a sansanin Sachsenhausen a 1944.

To, katanga ta samu hanyarta, waɗanda 'yan Nazi suka hallaka sun samu duwatsunsu. Mulkin mallaka kuwa ya daɗe ba shi da komai, alhali a wannan birni aka yi taron da kowane ɗan makaranta a Afirka ya haddace sunansa. Daga 15 ga Nuwamba 1884 zuwa 26 ga Fabrairu 1885 wakilan ƙasashe 14, har da Amurka da Daular Usmaniyya, suka zauna a fadar Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, da ke titin Wilhelm, ba ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Ginin ya tafi da yaƙi, gidajen haya na zamanin Jamus ta Gabas ne a wurin yanzu. Sai a 2005, shekara 120 bayan taron, aka kafa ɗan allo a bakin titi, shi ma da ƙoƙarin 'yan Afirka mazauna birnin. (A nan masu jagora da yawa sukan ce "nan aka raba Afirka da ruwla". Ba haka aka yi ba. Ƙa'idojin wawason aka tsara, da batun zirga-zirgar jirage a kogin Kwango da kogin Kwara. Iyakokin daga baya aka yi ta shata su, ƙasa biyu-biyu suna yarjejeniya a tsakaninsu.)

Mutum uku a kan allo

Yawancin sunayen Unguwar Afirka na ƙasashe ne da garuruwa da koguna. Uku ne kawai na mutane, kuma a kansu rigimar ta tsaya: titin Lüderitz, wanda aka raɗa a 1902, dandalin Nachtigal na 1910, da babban titin Peters na 1939.

Adolf Lüderitz ɗan kasuwa ne daga Bremen. A 1883 wakilinsa ya ƙulla ciniki da Josef Frederiks, shugaban wani reshe na ƙabilar Nama a ƙasar da yau ake kira Namibiya: bakin teku, zurfin mil 20 zuwa cikin ƙasa, a kan fam 500 da bindiga 60. Frederiks mil ɗin Ingilishi ya sani, mai kilomita 1.6. Lüderitz kuwa mil ɗin Jamus yake nufi, mai kilomita 7.4, kuma ya bar mutumin cikin duhu da gangan. Mai ƙasa yana zaton ya sayar da zurfin kilomita 32, ashe kusan 148 takarda ta ce. A kan wannan damfara aka kafa mulkin Jamus a can, mulkin da ya ƙare da kisan ƙare dangi a kan Herero da Nama tsakanin 1904 da 1908, wanda gwamnatin Jamus ba ta amsa sunansa a hukumance ba sai a 2021.

Carl Peters ba ya buƙatar dogon bayani, domin tun yana raye 'yan ƙasarsa suka yi masa laƙabi da Peters mai rataya, masu jin Swahili kuma suka kira shi Mkono wa Damu, wato hannun jini. Yana kwamishina a yankin Kilimanjaro ya sa aka rataye baransa Mabruk da wata yarinya Jagodja da ya ajiye a matsayin ƙwarƙwara. Maganar ta kai majalisar dokoki a 1896, aka kore shi daga aiki a 1897. 'Yan Nazi ne suka wanke shi bayan mutuwarsa suka ba shi titi, shekara 20 bayan Jamus ta rasa duk ƙasashen da ta mallaka a yarjejeniyar 1919. A 1986 da ƙorafi ya yi yawa, hukumar yankin ta yi wata dabara: ta bar sunan yadda yake, ta liƙa ɗan ƙaramin allo tana cewa Peters ɗin da ake nufi yanzu shi ne Hans Peters, wani masanin shari'a da ya yi adawa da Hitler. An sauya wa tuwo suna ke nan, ko ma a ce an bar sunan an ce tuwon ne ya sauya. Titin ya ci gaba da zama a cikin Unguwar Afirka, yana ratsa dandalin Nachtigal, ba wanda bai san Peters ɗin da aka yi dominsa ba.

Na ukun shi ne mai wuyar sha'ani, musamman ga mai karatu na wajenmu. Gustav Nachtigal likita ne, kuma wanda ya karanta tarihin Borno ya san shi da wata fuska dabam. A 1869 ya tashi daga Tarabulus ɗauke da tsarabar Wilhelm na ɗaya, Sarkin Prusiya, wata masarautar Jamusawa, zuwa ga Shehu Umar na Borno, godiya a kan karamcin da Shehun ya yi wa matafiya Jamusawa irin su Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim. A cikin kayan akwai kujerar sarauta da hotunan gidan sarautar Prusiya da bindigogi. Ya isa Kukawa a watan Yuli 1870, ana kiransa Idris Effendi. Daga nan ya shiga Bagarmi da Wadai da Darfur, bai fita ta kogin Nilu ba sai 1874. Ya ga farautar bayi da idonsa a Bagarmi, ya rubuta ta da ƙyama, kuma har gobe masu tarihin tafkin Chadi suna dogara da abin da ya bari.

Wannan mutumin ne dai Bismarck ya naɗa kwamishina a 1884 ya tura shi gaɓar Afirka ta Yamma a jirgin yaƙi. Ranar 5 ga Yuli ya sa hannu a takardar da ta mai da Togo ƙarƙashin Jamus, ranar 14 ga Yuli ya ɗaga tuta a Duwala, ya riga jakadan Ingila da 'yan kwanaki. Kamaru ta Jamus daga nan ta faro, ta yi ta hawa arewa. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta tsaga Adamawa, Yola ta faɗa hannun Ingila, yawancin ƙasarta ta faɗa hannun Jamus. Lamiɗo Zubairu, da Turawan Ingila suka fitar da shi daga Yola a 1901, da sojan Jamus ya gwabza a Garwa, sannan a Marwa a farkon 1902. Dikwa ma Jamusawa suka riƙe. Garuruwan da suka zaɓi shiga Najeriya a ƙuri'ar 1961, irin su Mubi da Bama da Gwoza da Gembu, duk a cikin wannan Kamaru suke a da. Saboda haka mutumin Mubi da ya tsaya a ƙarƙashin allon titin Kamaru, ba labarin wasu yake karantawa ba.

Masu kare Nachtigal sun riƙe rabin farko na rayuwarsa: matafiyi ne, masani ne, maƙiyin cinikin bayi ne. Masu neman a cire shi suka ce a duba dalilin da ya sa aka ba shi dandalin. Ba a sa sunansa a unguwar titin Togo da titin Kamaru don ya kai wa Shehu kujera ba, don ya ɗaga tuta aka sa. A ganina hujjarsu ta fi ƙarfi, domin allon titi ba littafin tarihi ba ne da zai ɗauki mutum da kyansa da muninsa. Kambu ne ake ɗora wa mutum a kan wani aiki takamaimai, kuma wurin da aka kafa shi ya riga ya faɗi aikin.

Masu zagaye

Waɗanda suka ɗauki maganar ba jami'an yawon buɗe ido ba ne. Baƙaƙen fata ne haifaffun Jamus, da 'yan Afirka mazauna Berlin, da wasu Jamusawa masu nazarin tarihi, a ƙungiyoyi irin su ISD, ta baƙaƙen fatar Jamus, da Berlin Postkolonial wadda aka kafa a 2007. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Mnyaka Sururu Mboro, dattijo daga yankin Kilimanjaro, wanda ya tashi yana jin labarin Mkono wa Damu a gida, ya zo Berlin ya tarar da sunan mutumin a kan allo. Ya yi shekara da shekaru yana zagayawa da mutane cikin unguwar.

Tsarin zagayen ba shi da wani ƙawa. A taru a tashar Rehberge ko kusa da ita, a bi tituna, a tsaya ƙarƙashin allo, jagora ya ɗaga tsohon hoto ko kwafin takarda ya ce ga ma'anar wannan suna. A titin Swakopmund a yi maganar sansanin da aka tsare Herero a wannan gari na Namibiya. A titin Otawi a yi maganar ma'adinai da layin dogo. A titin Gana, wanda shi kaɗai ne aka raɗa don murnar 'yancin kai, a 1958, a ɗan numfasa. Babu abin kallo ko ɗaya, kuma nan ƙarfin abin yake. A hanyar katanga baƙo yana ganin ragowar siminti da hasumiyar masu gadi, ko bai ji bayani ba ya ga wani abu. A Unguwar Afirka in aka ɗauke mai bayani, abin da ya rage gidajen haya ne da motoci a jere. Hujjar tana rataye a saman kowace kusurwa, mazauna unguwa suna rubuta ta a kan ambulan kullum, sun daina ganinta. Aikin jagora shi ne ya sa a karanta ta da babbar murya.

Kuma masu bin zagayen ba baƙi kaɗai ba ne. 'Yan makaranta da malamansu, ɗaliban jami'a, ma'aikatan hukuma, 'yan jarida, 'yan majalisar gunduma, su ne suka fi cika shi. Wannan ya bambanta shi da zagayen da aka saba a tsakiyar birni, irin wanda ake taruwa a ƙofar Brandenburg a bi mai lema, a ƙarshe kowa ya ba da abin da ya sauƙaƙa. Wancan yana sayar wa baƙo labarin da birni ya riga ya yarda da shi. Wannan kuwa 'yan gari yake nema, masu ƙuri'a, ya gaya musu abin da ba su nemi ji ba.

Nasarar farko ba a Wedding ta zo ba. A 2010 gundumar Kreuzberg ta cire sunan Gröben daga wani titi na bakin kogin Spree. Shi ne hafsan da ya kafa wa masarautar Brandenburg ta Jamusawa sansani a gaɓar Gana ta yau a 1683, sansanin da aka yi cinikin bayi ta cikinsa. Aka maye gurbinsa da May Ayim, marubuciya Bajamushiya wadda mahaifinta ɗan Gana ne. A Wedding kuwa abin da aka fara samu allo ne na bayani a 2012, kusa da tashar Rehberge, kuma shi kansa allon shaida ne a kan yadda lamarin ya yi tsami. An kasa daidaitawa a kan abin da za a rubuta, sai aka yi masa fuska biyu: ɗaya da rubutun hukumar gunduma, ɗaya da rubutun ƙungiyoyin 'yan Afirka. Mai zagaye yakan karanta wannan, ya kewaya ya karanta wancan, ya ga inda kowa ya taka da inda ya tsallake. In da za a tambaye ni, wannan allo ya fi duk abin da ke unguwar koyarwa.

Majalisa, kwamiti, kotu

A 2016 majalisar gundumar Mitte, wadda Wedding ke ƙarƙashinta, ta yanke shawarar sauya sunayen uku, ta nemi jama'a su kawo shawarwari, ta kafa kwamitin tantancewa. Nan aka yi tuntuɓe na farko. Cikin sunayen da kwamitin ya fitar a 2017 akwai Sarauniya Nzinga ta ƙasar Angola ta yau, wadda ta yi yaƙi da Turawan Fotugal, amma kuma ta yi cinikin bayi. Masu adawa suka samu abin riƙewa: a cire wanda ya ƙi cinikin bayi a sa wadda ta yi shi? Aka janye jerin, aka nemi masana, a 2018 majalisa ta amince da sababbin sunaye.

Daga nan sai ƙorafe-ƙorafe da ƙararraki. Ba daidai ba ne a yi wa mazauna unguwar kuɗin goro a ce duk masu kewar mulkin mallaka ne. Wanda aka sauya wa sunan titi sai ya gyara katin shaida, da takardun mota, da na banki, da na inshora. Mai shago sai ya sake allo da rasit da duk takardar da ke ɗauke da adireshinsa. Da yawa daga cikin mutanen Wedding baƙi ne daga ƙasashen waje ko 'ya'yansu, masu fama da haya da aikin yini, sun ga 'yan boko daga wasu unguwanni sun zo suna yanke hukunci a kan ƙofar gidansu. Wasu suka ce a yi irin ta 1986, a bar sunan a nemo wani Nachtigal ɗin. Wasu suka kawo hujjar da ta fi nauyi: in an goge sunan an goge shaidar, gara a bar shi a kafa bayani a gefensa.

Shari'a ta ja lokaci, amma ba ta tsayar da komai ba. Ranar 2 ga Disamba 2022 aka sauke allon titin Lüderitz aka ɗora na Cornelius Fredericks, jagoran Nama da ya yaƙi Jamus ya mutu a sansanin tsibirin Shark a 1907. A ranar ce kuma dandalin Nachtigal ya koma dandalin Manga Bell. Titin Peters, wanda dabarar 1986 ta ƙara dagula shi, ya jira har 23 ga Agusta 2024, aka raba shi biyu: sashe ɗaya ya ɗauki sunan yaƙin Maji Maji da mutanen Tanganyika suka yi da Jamus daga 1905 zuwa 1907, ɗayan ya ɗauki sunan Anna Mungunda, matar da aka kashe a boren da aka yi a Windhuk, babban birnin Namibiya, a 1959. Shekara guda bayan haka, a tsakiyar birni, titin Mohren, wanda sunansa tsohuwar kalma ce da ake kiran baƙar fata da ita, ya koma titin Anton Wilhelm Amo, masanin falsafa daga yankin Axim na Gana wanda ya yi digirin dakta a Wittenberg a 1734.

Zaɓen Manga Bell ya yi daidai da wurin ta yadda ba kasafai ake samu ba. Rudolf Duala Manga Bell jikan ɗaya daga cikin sarakunan Duwala ne da suka sa hannu a yarjejeniya da Jamus a 1884. A Jamus ya yi karatu, a garuruwan Aalen da Ulm, ya san harshensu da dokarsu. Da gwamnatin mallaka ta tashi korar mutanen Duwala daga bakin kogi don ta keɓe wa Turawa unguwa, bai ɗauki makami ba, takarda ya ɗauka. Ya rubuta wa majalisar dokokin Jamus yana tuna musu cewa yarjejeniyar da suka zo da ita ta ce ƙasar da mutane ke zaune a kai tasu ce. Aka tuhume shi da cin amanar ƙasa, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta 1914 tare da sakatarensa Ngoso Din. Dandalin yana ɗauke da sunansa ne shi da matarsa Emily.

Abin da zagayen ya samu da abin da ya rasa

Ba za a ce zagayen ƙafa shi kaɗai ya sauya allunan ba. Akwai rinjayen jam'iyyu a majalisar gunduma, akwai matsin lambar Namibiya a kan batun kisan ƙare dangi, akwai muhawarar kayan tarihi da aka kwaso, wadda ta kai ga Berlin ta miƙa wa Najeriya mallakar kayan Benin sama da 500 a 2022. Amma kafin duk wannan ya nuna, sai da aka samu mutane da yawa a cikin birnin da suka san wane ne Lüderitz, kuma mafi yawansu ba a aji suka sani ba, a bakin titi suka ji, suna tsaye cikin sanyi. Gani ya kori ji, ko da abin ganin allo ne kawai.

Sai dai masu cewa a bar shaida ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba. A da jagora yakan nuna sama ya ce ga sunan mai rataya, shekara kaza yana nan. Yanzu sai ya ce a da sunan wane ne a nan, ya ciro hoto daga jaka. Zagayen ya koma irin na katanga, yana bin sawun abin da aka kwashe, amma ba tare da layin duwatsu a ƙasa ba. Hanyar katanga tana da alamomi da taswira da kasafin kuɗi. Ta mulkin mallaka har yanzu guntu-guntu take: allo a titin Wilhelm, allo mai fuska biyu a Rehberge, ɗakin karatun EOTO, wata ƙungiyar baƙaƙen fata, a titin Togo, gandun Treptow inda aka baje kolin mutanen ƙasashen mallaka a 1896 jama'a suna biya suna kallo, da gidan tarihi na Humboldt Forum inda aka ajiye karagar Njoya, Sarkin Bamum na Kamaru, wadda aka kai wa Sarkin Jamus a 1908. Wanda bai samu mai haɗa masa su ba zai wuce yawancinsu bai sani ba. Kabarin Barth ma yana wata maƙabarta a Kreuzberg, kusa da Mehringdamm, kuma ba ya cikin jerin da aka saba bi, duk da cewa ga Bakano ko Bakatsine shi ne sunan da ya fi sani a duk wannan labari.

Akwai kuma tambayar da ba a taɓa ba. Mutum uku aka cire, amma titin Swakopmund da titin Windhuk da titin Togo suna nan, kuma da niyya ɗaya aka raɗa su da na Lüderitz. Ba wanda ke neman a goge su, har masu zagayen, domin in sun tafi babu sauran unguwar da za a zagaya. Yau ɗan Togo da ke zaune a titin Togo yana iya jin sunan a matsayin gaisuwa, alhali wanda ya raɗa shi a 1899 lissafin dukiyarsa yake yi.

Nachtigal bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Zazzaɓi ya kashe shi a cikin jirgin ruwa a watan Afrilu 1885, yana hanyar komawa gida, aka binne shi a Cape Palmas da ke Laberiya. Bayan 'yan shekaru aka tono shi aka kai Duwala. Hasumiyar tunawa da shi tana can a unguwar Bonanjo, a harabar tsohon gidan gwamnatin Jamus, 'yar tafiya kaɗan a ƙafa daga fadar gidan Manga Bell.